Gidan Antinori: Inabi, Rabon Gado da Kuɗin Baƙo

A shekarar 1385 aka rubuta sunan Giovanni di Piero Antinori a rajistar ƙungiyar masu sana'ar giyar inabi ta birnin Fulorans, a yankin Tuskani na ƙasar Italiya. Daga kansa zuwa 'yan'uwa mata uku da ke riƙe da gidan a yau, Albiera da Allegra da Alessia, zuriya 26 ake lissafawa. Mafi yawan masu karanta wannan rubutu ba su da hulɗa da abin da ke cikin kwalbar, kuma ba shi ya tara mu ba. Abin nazarin shi ne yadda gona da suna suka zauna a hannun dangi ɗaya, alhali kowa ya san yadda gandu ke fara watsewa tun kafin a yi sadakar arba'in ɗin maigida.

Shekaru ɗari shidan nan suna iya ruɗar mutum. A ƙarnonin farko arzikin gidan daga fataucin alharini da harkar banki ya fito, inabi kuwa abin gefe ne. Da kuɗin fatauci Niccolò di Tommaso Antinori ya sayi katafaren gidan da ke tsakiyar Fulorans a 1506, wanda har gobe yana hannunsu. A wancan zamani kuma manyan gidajen Italiya suna da wata garkuwa: wasiyyar da ke ɗaure ƙasa a kan babban ɗa, ba a sayarwa, ba a rabawa. Dokar ƙasa ta 1865 ta soke wannan tsari. Yau a Italiya kowane ɗa da 'ya suna da kason da uba bai isa ya hana su ba. Idan mamaci ya bar mata da 'ya'ya fiye da ɗaya, rabin dukiyar na 'ya'yan ne dole, kwata na matar, kwata ɗaya kacal yake da ikon yin wasiyya da shi. Saboda haka ainihin jarrabawar gidan Antinori ba a da can take ba. Tsakanin 1966 da 2012 take.

Agogon kurangar inabi

Ba za a gane abin da ya faru ba sai an san yadda kuɗi ke tafiya a wannan noma. Tun da ƙwaron filoksera mai cin saiwa ya halaka gonakin Turai a ƙarshen ƙarni na 19, kusan kowace kuranga mai aure ce: saiwar daga irin Amurka da ƙwaron ba ya iya kashewa, reshen daga irin Turai, kamar dai yadda ake auren mangwaro. Wanda ya dasa bana ba zai tsinki abin kirki ba sai shekara ta uku. Kuranga ba ta nuna ainihin halinta sai ta doshi shekara takwas zuwa goma, sannan ta yi shekara talatin ko fiye tana bayarwa. Bayan tsinka, jar giya mai daraja tana yin wata 12 zuwa 16 a gangar katako, ta ƙara kusan shekara a kwalba kafin ta fita kasuwa. Ke nan daga ranar dashe zuwa ranar da kwabon farko zai dawo, shekara shida ko bakwai ne, kuma duk tsawon lokacin ana biyan masu datse rassa da masu feshi da masu kula da rumbu.

Wannan yana da sakamako biyu. Kuskuren zaɓen iri ko tazarar layi ba na damina ɗaya ba ne, ɗan mai gonar ne zai ƙarasa biyansa. Sannan duk wanda ya zuba jari a irin wannan gona yana jiran riba a ƙarshen shekara, agogonsa da na gonar ba za su taɓa daidaita ba.

Abin da Piero ya tarar

Niccolò Antinori, wanda aka haifa a 1898, shi ya mayar da gidan kamfani mai fitar da kaya waje. Ya fito da giyar Villa Antinori a 1928, ya sayi gonar Castello della Sala a yankin Umbriya a 1940, kuma tun da wuri ya gwada dasa irin inabin Cabernet na Faransa a tsakiyar ƙasar da kowa irin Sangiovese ya sani. Aurensa da Carlotta della Gherardesca ya kawo wa gidan ƙasa a Bolgheri, a gaɓar teku. 'Yar'uwar Carlotta, Clarice, ta auri Mario Incisa della Rocchetta, kuma wannan surukuta ta yi rana daga baya.

A 1966, shekarar da kogin Arno ya yi ambaliya ya cinye Fulorans, Niccolò ya miƙa ragama ga ɗansa Piero mai shekara 28. Ya miƙa da ransa da lafiyarsa, ya kuma ƙara shekara 25 a duniya yana kallo. A ganinmu wannan shi ne mataki na farko da aka taka daidai: magaji ya yi kura-kuransa na farko alhali akwai wanda zai tambaya.

Yankin Chianti, wanda ake furtawa Kiyanti, inda gidan Antinori ke noman inabi, yana cikin mawuyacin hali a lokacin. Ɗaruruwan shekaru ana nomansa da tsarin da suke kira mezzadria: mai ƙasa ya ba da gona da gida, manomi da iyalinsa su yi aiki, a raba amfani biyu. Inabi yana hawa bishiyoyi a tsakanin alkama da zaitun. Dokar 1964 ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan, manoma kuma dama sun fara tururuwa zuwa masana'antun Prato da Fulorans. Masu ƙasa suka wayi gari ba hannun aiki. Cikin gaggawa suka sake dashe a layuka masu faɗi don tarakta ta wuce, kuranga dubu biyu da rabi zuwa dubu uku a hekta, da irin da aka zaɓa don yawan 'ya'ya ba don kyau ba. Kuranga kaɗan mai ɗauke da kaya da yawa tana ba da inabi mai ruwa-ruwa, ba launi, ba ƙarfi.

Sai doka ta ƙara gishiri a miki. Ƙa'idar Chianti ta 1967 ta wajabta zuba farin inabi, Trebbiano da Malvasia, kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari a cikin jar giya. An fake da tsarin da Bettino Ricasoli, wani babban mai gona a yankin, ya rubuta a 1872, alhali shi Ricasoli bai ambaci Trebbiano ba, kuma ya ce Malvasia ana iya barinta idan giyar ta ajiya ce. Gaskiyar magana, gonaki cike suke da farin inabi, doka ta nema masa kasuwa. Illarsa a fili take: yana tsarma launi, kuma yana sa giyar ta koma launin ruwan ƙasa ta mutu cikin 'yan shekaru. Chianti ya zama abin arha a kwalba mai rigar ciyawa, wadda mutane ke saya don su kafa kyandir a bakinta.

Tignanello

Piero yana da mutum biyu a gefensa. Giacomo Tachis, masanin haɗa giya ɗan Piyemonte, ya shigo kamfanin a 1961. Émile Peynaud kuwa malami ne a jami'ar Bodo ta Faransa, suna neman shawararsa. Abin da suka canja ba sihiri ba ne, jerin gyare-gyare ne da kowannensu ke cin kuɗi.

A gona, an rage yawan nonnan da kowace kuranga ke ɗauka, an kuma daina zuba ruɓaɓɓe tare da lafiyayye. Sangiovese fatarsa sirirya ce kuma ba ya nuna da wuri, don haka ruwan ƙarshen Satumba da Oktoba yana iya ruɓar da shi a kan reshe. Ba makawa sai an tsince da hannu. A rumbu, an riƙa lura da zafin tsimuwa, domin idan ya haura digiri 30 da yawa yis yana iya mutuwa ya bar sukari, ƙamshi kuma ya ƙone. An tabbatar tsimuwa ta biyu ta kammala kafin a rufe kwalba, wato wadda ƙwayoyin bakteriya ke juya kaifin tsamin ɗanyen 'ya'yan itace zuwa tsami mai laushi irin na nono. Idan ba ta kammala a ganga ba, za ta tashi a cikin kwalba, giyar ta yi gurɓi ta yi iska. Sannan aka bar tsofaffin manyan gangunan da giya ke shekaru a ciki har ta bushe, aka koma ƙananan gangunan itacen ok masu cin lita 225, daidai kwalba 300. Ƙaramar ganga tana shigar da iska kaɗan-kaɗan ta jikin katako, abin da ke zaunar da launi ya tausasa ɗaci. Amma tana shanye wani kaso ta hanyar tururi, sai ana cike ta a kai a kai. Idan aka bar sarari a samanta, giyar za ta fara komawa ruwan tsami. Bayan amfani uku ko huɗu kuma katakon ya gama ba da abin da yake da shi.

An gwada wannan a gonar Tignanello, wani gangare mai kallon kudu maso yamma a tsayin mita 350 zuwa 400, mai ƙasar farar duwatsu da suke kira alberese da wani dutse mai ɓarewa da suke kira galestro. Amfanin 1970 ya fita da sunan Chianti Classico, wato giyar ainihin tsohon yankin Chianti. Na 1971 kuwa an rage farin inabi ƙasa da abin da doka ta ce, don haka ya rasa ikon ɗaukar sunan. Piero ya fitar da shi a matsayin vino da tavola, giyar tebur, ajin da ya fi kowanne ƙasƙanci a dokar Italiya, ya kuma sa masa kuɗin da ya fi na Chianti. Daga 1975 aka cire farin inabi gaba ɗaya aka shigo da Cabernet. Haɗin da aka zauna a kai daga baya shi ne Sangiovese wajen kashi 80, Cabernet Sauvignon 15, Cabernet Franc 5.

Ba shi kaɗai ba ne. Mijin innarsa, Mario Incisa, ya daɗe yana yin giyar Cabernet a Bolgheri don shan gida. Tachis ya taimaka aka gyara ta, kamfanin Antinori ya kai amfanin 1968 kasuwa da sunan Sassicaia. A 1978 wata giya mai suna Solaia ta fito daga gefen Tignanello da ya fi samun rana. 'Yan jaridar Ingila da Amurka suka laƙaba wa irin waɗannan giya sunan Super Tuscan.

Abu biyu a nan sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, farin inabin da aka cire bai ɓace ba, yana nan a gonaki yana jiran mai saye. A ƙarshen shekarun 1970 Antinori da wasu manyan gidaje suka haɗu suka fito da wata farar giya mara nauyi mai suna Galestro don ta shanye rarar. Gyaran da bai tanadi inda tsohon kaya zai tafi ba, manoma ne ke fara yaƙarsa. Na biyu, ba kowace shekara ake yin Tignanello ba. Ba a yi ba a 1972 da 1973 da 1974, haka 1976 da 1984 da 1992 da 2002. A irin waɗannan shekaru inabin yana gangarawa cikin giya mai araha, ribar shekarar ta tafi. Wannan hukunci mai sauƙi ne ga wanda ke tunanin sunan da jikansa zai gada, mai wuya ne ga manajan da za a auna shi da lissafin bana.

Doka ce ta biyo su daga baya. A 1984 aka rage farin inabin dole a Chianti Classico zuwa kashi 2, a 1992 aka ƙirƙiro sabon ajin giya mai suna IGT da ya ba irin su Tignanello mazauni, a 1996 aka yarda da Sangiovese zalla, daga amfanin 2006 kuma aka haramta farin inabi ɗungurungum.

Inda aka kusa rasa gidan

Nasarar kasuwa ba ta hana maganar gado tashi ba, ƙara mata nauyi ma ta yi, domin kason kowa ya ƙara tsada. Piero yana da ƙane, Lodovico, da 'yar'uwa, Ilaria. A farkon shekarun 1980 suka so a ba su nasu. Lodovico yana da burin kansa: a 1981 ya kafa gonar inabi mai suna Ornellaia a kan ƙasar da ta zo ta wajen mahaifiyarsu a Bolgheri. Ba wanda ya yi laifi a nan, haƙƙinsu ne. Matsalar ita ce dukiyar irin wannan gida ƙasa ce da ganguna da kwalaben da ke kwance, ba tsabar kuɗi ba. Hanya uku ce: a yanka gonakin, a ci bashin banki a lokacin da kuɗin ruwa a Italiya ya haura kashi 15, ko a shigo da baƙo.

Piero ya zaɓi baƙo. A tsakiyar shekarun 1980 ya sayar wa Whitbread, kamfanin giyar sha'ir na Birtaniya da ke kasuwar hannun jari, kashi 49 cikin ɗari. Ya sha faɗa daga baya cewa a lokacin bai zaci 'ya'yansa mata za su so sana'ar ba, shi ya sa bai ga wanda yake tsare wa gidan ba. Wannan zato, a ganinmu, shi ne kuskure mafi girma a duk labarin, ya fi cinikin kansa.

Zaman bai yi daɗi ba, kuma dalilin yana cikin lissafin da muka yi a sama. Kamfanin da ke fitar da rahoton riba ga masu hannun jari a kai a kai yana son yawan kwalaben da aka sayar ya hau. Mai gonar inabi yana son ya tumɓuke hekta ashirin da ke bayarwa ya sake dashe, ya zauna shekaru ba amfani. Giyar sha'ir ana dafa ta a sayar cikin makonni. Wanda ya saba da ita, ganin kuɗi kwance a ganga shekara biyu asara ce a wurinsa. Duk da haka haɗin bai tashi a banza ba: ta hanyarsa Antinori ya sa ƙafa a tsaunin Atlas Peak na kwarin Napa a Kalifoniya a 1986.

Abin da ya ceci gidan rabi dabara ce rabi sa'a. Dabarar ita ce Piero bai taɓa sakin rinjaye ba. Sa'ar kuwa, Whitbread ya yanke shawarar fita daga harkar giyar inabi da barasa ya koma kan sha'ir da gidajen abinci. A farkon shekarun 1990 Piero ya ci bashi mai nauyi ya sake sayen kason. A lokacin 'yarsa Albiera ta riga ta fara aiki a kamfanin.

Maƙwabta sun nuna yadda abin kan ƙare in an yi sake. Gidan Ricasoli ya sayar da kamfanin giyarsa ga kamfanin Seagram na Kanada a farkon shekarun 1970, sunan ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu yana zubewa, sai a 1993 Francesco Ricasoli ya dawo da shi. Ornellaia ta Lodovico ta yi suna a duniya, amma ya shigo da Robert Mondavi, mai kamfanin giyar inabi a Kalifoniya, a 1999, zuwa 2002 ta fita daga hannunsa, zuwa 2005 kuma ta zama ta gidan Frescobaldi. Shi kansa Mondavi, wanda ya sa kamfaninsa a kasuwar hannun jari a 1993, kamfanin Constellation ya haɗiye shi a 2004. Biondi-Santi na Montalcino ya koma hannun wani kamfanin Faransa bayan mutuwar maigidan, Franco Biondi Santi, wanda ya rasu a 2013.

Bayan an dawo da gida

Abin da ya biyo baya faɗaɗawa ce, kuma kusan duk ta sayen ƙasa: Prunotto a Piyemonte, Pian delle Vigne a Montalcino a 1995, Tormaresca a Puliya a 1998. Hikimar ita ce ƙanƙara ko ruwan kaka ba sa bugun dukkan yankuna a shekara ɗaya, kuma giya mai araha da ke fita da wuri, irin Santa Cristina, ita ke ciyar da wadda ke kwance a ganga. A Tignanello an sake dashe da zaɓaɓɓen iri, kuranga ninki biyu a hekta idan aka kwatanta da dashen shekarun 1960, aka farfasa farin dutsen alberese aka shimfiɗa a gindin layukan Sangiovese don ya mayar da hasken rana kan nonnan ya kuma danne ciyawa. A shekarar 2000 mujallar Wine Spectator ta zaɓi Solaia ta 1997 a matsayin giyar shekara, karo na farko ga Italiya. A 2007 suka shiga sayen Stag's Leap Wine Cellars na Napa da ƙaramin kaso, a 2023 suka mallake shi duka. A 2012 aka buɗe sabon rumbu a Bargino, an haƙa shi cikin tudu aka dasa inabi a kan rufinsa; inabi yana shiga ta sama ya gangara da nauyinsa ba tare da famfo mai yawa ba, ƙasa kuma tana riƙe sanyin da ganguna ke bukata.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: shugaban gudanarwa ba ɗan gida ba ne. Renzo Cotarella, wanda ya fara a Castello della Sala ya kuma gaji Tachis a harkar haɗa giya, shi ke tafiyar da aikin yau da kullum. Albiera ta zama shugabar kamfanin a 2016, mace ta farko a wannan kujera. An raba mallaka da gudanarwa, don kada a ɗora wa mutum aikin da bai iya ba saboda kawai sunan mahaifinsa.

Saura maganar gado, wadda za ta dawo ko ana so ko ba a so: 'ya'ya uku, jikoki sun fi haka, tattaɓa-kunne kuma za su ninka. A 2012 Piero ya zuba hannun jarin kamfanin cikin asusun amana mai wa'adin shekara 90. Italiya ba ta da irin wannan tsari a dokarta ta gida, amma ta amince da shi ta yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Heg da ta fara aiki a can a 1992. Mai karatun da ya san waƙafin iyali zai gane fasalin: amintattu ke riƙe da asalin dukiya, zuriya suna cin amfani, ba wanda zai ɓalle kasonsa ya sayar wa baƙo. Wato an dawo da tsohuwar garkuwar da dokar 1865 ta soke, sai dai yanzu ba babban ɗa namiji kaɗai take karewa ba.

Tsarin yana da nasa haɗari, kuma bai kamata a ɓoye ba. Jikan da ke bukatar kuɗi don wata sana'a daban, kamar yadda Lodovico ya bukata a 1981, ba shi da ƙofar fita. Yayin da masu cin amfani ke ƙaruwa, matsin a raba riba maimakon a sake dashe zai ƙaru. Kuma idan amintattu suka yi rauni ko suka goyi bayan ɗaki ɗaya, rigimar da aka hana shiga gona za ta koma kotu. Wa'adin zai cika a 2102. Kafin nan za a tumɓuke kurangun Tignanello a sake dasa su aƙalla sau biyu, kuma waɗanda za su yanke hukuncin dashe na biyun ba a haifi yawancinsu ba tukuna.